Jakar Gwaggo a Ƙofar Jirgi

Giza, ranar Laraba.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da aiki, ina gaishe ki da baƙunta, da fatan iskar Iskandariyya ba ta tayar miki da murar nan taki ba. Mu nan lafiya lau muke, ni da Mamanku, sai kewa. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a kan ruwa, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa.

Shekaranjiya kin yi mini tambaya a waya, na ce miki zan yi tunani. Na ji a muryarki kin ɗauka gudun amsa nake yi. Ba haka ba ne. A waya ina da halin katse mutum, kin sani, Mamanku ma ta fi ki sani. Kuma shekarun da na yi a ɗakin labarai sun bar ni da wata larura, ba na gane abin da ke raina sai na gan shi a rubuce. Don haka ki yi haƙuri da tsawon takardar nan.

Bari in maimaita tambayar yadda na fahimce ta, in na kuskure ki gyara mini. Ranar Asabar jirginku na ruwa, mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, zai tashi. Wannan ce tafiyarki ta farko a matsayin ma'aikaciyar tsaro, kuma har yanzu a gwaji kike. An sa ki a ƙofar shiga, wurin na'urar da ke duba kayan fasinja. Cikin masu shiga akwai Gwaggonki Rabi, yayata, wadda ɗanta ya biya mata wannan yawon ita da ƙawarta, ita kuma ta zaɓi jirginku musamman don kina ciki. Ta kira ki ta shaida miki cewa za ta zo da kaskonta da gawayinta da turaren wutarta, tunda ba ta taɓa kwana a ɗakin da ba ta turara ba, kuma ta san 'yarta ba za ta bari a taɓa mata jaka ba. Dokar jirgi ta hana duk wani abu mai wuta ko mai ɗaukar zafi a ɗakunan fasinja. Idan kin kau da kai aka gano, aikin ya tafi. Idan kin buɗe jakar, kin tozarta matar da ta taso daga Kano ta zo har Alƙahira ta yi miki wankan jariri. Kika ce, "Baba, ya zan yi da Gwaggo?"

Da farko ya kamata ki san inda Gwaggonki ta samo wannan ƙarfin gwiwar. Labarin hular nan kin sha jin sa a gida, duk sallah sai an ba da shi ana dariya. Amma kullum a wurin dariyar ake tsayawa, ni kuma ina so in ƙarasa miki shi.

Lokacin kina goye, ina aiki a sashen yaɗa labarai na ofishin jakadanci. Yaya ta gama jegon Mamanku tana shirin komawa, na ce ba za ta bar Masar ba ta ga Nilu yadda ya kamata ba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Luksor, muka shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan nan masu hawa-hawa da ke kai 'yan yawon buɗe ido Aswan. Na kama ɗaki biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya da Mamanku da ke. Muna ajiye kaya Yaya ta shaƙi ɗakin ta yatsine fuska, ta ce warin sabulun goge ƙasa yake yi da warin mutanen da ba ta sani ba. Ta fito da kasko, ta hura gawayi a bakin taga. Sai ta ɗaga kai ta ga wani ɗan farin abu a rufi yana ƙyafta jar wuta, ta tambaye ni mene ne. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, irin na mai jin daɗin an tambaye shi abin da ya sani: na'ura ce mai jin hayaƙi, da ta ji sai ta kaɗa ƙararrawa a wurin masu tuƙi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To rufe masa hanci mana, Auta."

Na taka kujera, na cire hulata, na kifa a kai. Ta zauna daram kamar don shi aka ɗinka ta. Muka yi ta dariya. Aka turara ɗaki, aka turara kayanki, muka fita cin abinci.

Sai a Aswan, muna ɗaure kaya za mu sauka, na shiga neman hula. Na duba ɗakina, na duba ƙarƙashin gado, har na fara zargin mai shara a zuci, Allah ya yafe mini. Mamanku ce ta ɗaga kai ta nuna da yatsa. A nan ake fashewa da dariya in ana ba da labarin.

Abin da ba a faɗa shi ne abin da na yi bayan na sauko da hular. Na tsaya ina kallon gadon da kike kwanciya, daidai ƙarƙashin wurin. Duk tsawon tafiyar na'urar a toshe take, kuma kullum sai an hura gawayi a ɗakin. Sai wani son sani ya kama ni, na ce bari in bi hanyar da za mu bi da wuta ta tashi. Na fita lungun ɗakunan, na ga mutum biyu ba za su jera a cikinsa ba sai ɗaya ya karkace. Ƙasa darduma, bango katako, ko'ina labule. Na sauka matakala zuwa zauren karɓar baƙi. Kin san yadda jiragen Nilu ke tsayawa, ba kowa ke samun gaɓa ba, sai su jingina da juna gefe da gefe, mai son sauka sai ya ratsa ta cikin zauren wannan jirgi zuwa na wancan har ya kai tudu. Mu ne na can ƙarshe ta wajen ruwa. Na ratsa su ɗaya bayan ɗaya ina tunanin mutanen kowane jirgi sun fito a firgice sun cushe a ƙofa guda. A ɗakin da ke kallon namu akwai wani tsoho da matarsa, Turawa, matar da sanda biyu take tafiya. Kullum muna gaisawa da kai. Ban taɓa tambayarsu ko sun yarda in toshe na'urar ba, alhali tasu ce kamar yadda take tamu.

Ba wanda ya kama ni, ba abin da ya ƙone. Wannan ne ya ɓata Gwaggonki, ya kusa ɓata ni ma. In mutum ya yi ganganci ya tsira, yakan ɗauki tsirar a matsayin shaidar cewa abin da ya yi daidai ne. A aikin jarida mukan tambayi mai ba da labari, ta yaya ka sani? Ki riƙa yi wa "ai ba abin da zai faru" wannan tambayar a duk inda kika ji ta, ko da daga bakina ta fito.

Kin bar littafin horonku a kan teburin falo, na zauna na karance shi, har da ƙananan rubutun ƙasa. Na jima ban karanta abin da ya riƙe ni haka ba. Ban taɓa tunanin yadda lamarin doka yake a tsakiyar teku ba: jirgi na ɗauke da tutar wata ƙasa, kyaftin ɗan wata ƙasa ne, ma'aikata daga ko'ina, fasinja daga ko'ina, ga shi ba ofishin 'yan sanda kusa. Sai ya zamana ku ne kuke riƙe da mutane har a kai tasha. Na ga kyaftin na da ikon tsare fasinja a ɗakinsa, yana da ikon sauke shi a tasha ta gaba. Ina so in sani, wa ke tsayawa a ƙofar wanda aka tsare, kuma wa ke kai masa abinci? In mace ce fa? In kin gano ki rubuto mini, tambayar ta tsaya mini a rai.

Na kuma karanta irin abubuwan da fasinja ke yi, na yi ta mamaki. Mai hawa kan ƙarfen baranda don a ɗauke shi hoto da teku a bayansa. Mai jefa guntun taba a ruwa, iska ta dawo da shi barandar wanda ke ƙasa da shi. Masu dambe a kan kujerar bakin wurin wanka, manya da furfurarsu. Ina jin mutum in ya biya kuɗin hutu, ya ga tudu ya ɓace, sai ya ji kamar ya bar duk wanda ya san shi a baya, ya bar kunyarsa tare da su. Amma na lura da wani abu. Duk hotunan da ke littafin na mutum ne ja-jawur, ya sha ya yi tatul, yana nuna yatsa. Wanda ya zana su bai taɓa haɗuwa da Hajiya mai carbi da lallausar murya ba, wadda za ta sa miki albarka tana tura jakar gawayi ta gefen na'ura. Shi mai ihun kowa zai taru a kansa. Ita kuwa ke kaɗai za ta samu, kuma da duk abin da muka koya miki a gida za ta yaƙe ki: kada ki musa wa babba, kada ki kalli idonsa, kada ki taɓa kayansa. Mu muka koya miki, ba na kuma janyewa. Sai dai ban taɓa zaunar da ke na gaya miki inda ladabi ke ƙarewa ba, don ni ma na daɗe ban gano wurin ba.

Ga yadda na gano. Bayan tafiyar hula da wasu shekaru, aka haɗa ni da wata tawaga daga gida in yi musu rakiya da tafinta, a irin wannan jirgin na Nilu. Shugaban tawagar babban mutum ne, ya isa ya haife ni, ba zan faɗi sunansa ba, ya ma rasu, Allah ya jiƙansa. Akwai wata yarinya 'yar Masar a teburin karɓar baƙi. Duk wucewar da zai yi sai ya tsaya ya kama hannunta ya ƙi saki, yana cewa zai tafi da ita Najeriya. 'Yan tawaga na dariya. Yarinyar na murmushin dole tana janye hannu. Ta kai ƙara. Manajan jirgi ya kira ni da shi ofis, ya yi magana da Larabci a natse, ba faɗa. Ya ce ma'aikaciyarsa ta koka, wasu ma sun gani, kuma wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe: in ya sake taɓa ta, a tasha ta gaba za a sauke shi a miƙa maganar ga 'yan sandan yawon buɗe ido.

Na juya na dubi dattijon nan da babbar rigarsa, na ji ba zan iya ɗora masa wannan maganar yadda take ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, suna roƙon alfarma a ɗan rage wasa da ma'aikata." Ya yi dariya, ya ce in gaya musu ai jikarsa ce. Ni kuma na gaya wa manaja cewa ya ji, ya kuma ba da haƙuri. Kowa ya fita yana ganin an gama. Ni har daɗi na ji, ina ganin na kashe wuta da iya magana.

Washegari ya sake. Da muka tsaya a tasha ta gaba sai ga akwatunansa a bakin gaɓa, rana tsaka, masu keken doki sun kewaye shi suna yi masa tayi. Na sauka tare da shi, tunda ni ne ɗan rakiya. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni da idon mutumin da bai gane abin da ya same shi ba, ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini abin ya kai haka?"

An gaya masa. A bakina maganar ta narke. Na so in rufa masa asiri, sai na hana shi damar da manajan ya ba shi ta ya gyara da kansa, na kuma ƙara wa yarinyar nan yini guda na abin da ta riga ta ce ba ta so. Ke ma za a riƙa kiran ki tafinta, don ba na jin akwai wani mai Hausa cikin ma'aikatan tsaronku, ga Larabci ga Faransancin da kika tsinta wurin ƙawayenki 'yan Nijar. In an ba ki magana ki kai, ki kai ta da nauyinta. Ki sa "ranka ya daɗe" a gaba in kin so, ki sassauta murya, ki ja mutum gefe kada ki faɗa masa a tsakiyar jama'a. Duk wannan naki ne. Amma in an ce za a sauke shi, ki ce za a sauke shi.

Tunda maganar yarinyar nan ta zo, bari in faɗi abin da ke hana Mamanku sukuni, ita ba za ta faɗa miki kai tsaye ba. Ke ma wani zai kama hannunki. Kakin da ke jikinki ba zai hana kowa ba, wasu ma shi zai ja su. Ranar da abin ya faru ki kai ƙara a ranar, kada ki ce bari in ga ko zai sake, kada ki ce sabuwa ce ni za a ce na cika ƙorafi. Fasinja ne ko abokin aiki ne ko na gaba da ke ne, duk ɗaya. Littafinku ya ce kada ma'aikacin tsaro ya shiga ɗakin fasinja shi kaɗai. Ki riƙe wannan ko da an ce miki gaggawa ce, ko da muryar da ke kiran ki daga ciki da Hausa take magana. Jin harshen gida a tsakiyar teku zai sa zuciyarki ta yi sanyi, na san wannan sanyin, shekara da shekaru ina jin sa a cikin jirgin ƙasan metro in wani ya ce "sannu". Ki amsa gaisuwar da fara'a, sannan ki nemi katinsa kamar kowa.

In kuma wata ce ta kawo miki ƙara, ki zaunar da ita, ki ba ta ruwa, ki bar ta ta faɗa da bakinta har ta gama. Kada ki taya ta neman kalma. Wajen rubuta rahoto, ki rubuta abin da aka gani da abin da aka ji, da wanda ya gani. Editana na farko a Kaduna yakan soke duk inda na rubuta "cikin fushi" ko "da gangan", ya ce ban shiga zuciyar mutumin ba. Ki rubuta ya ɗaga murya, ya buga tebur, ya kama hannunta na hagu bai saki ba har ta ja da baya. Mai karantawa zai gane fushin da kansa, kuma babu lauyan da zai iya kankare abin da ido ya gani. Sannan ki nemi wanda bai ce komai ba a wurin. Mai share tebur da ke tsaye a gefe yakan ga farkon rigima, masu hayaniya kuwa daga tsakiya suke fara ba da labari.

Yanzu ga maganar Gwaggonki.

Abu na farko, gobe da safe ki sami shugabanku ki gaya masa cewa yayar mahaifinki na cikin fasinjan ranar Asabar. A gidan jarida in labari ya shafi ɗan'uwanka, edita kake fara gaya wa, shi ya yanke ko kai za ka rubuta ko wani. Yin haka ba tona asirin kowa ba ne, kare kai ne da kare aikin. Ba sai kin ce masa ga abin da ke jakarta ba, don ba ki gani ba, ji kika yi. Wataƙila ya canja miki layi. Amma kada ki sa rai da yawa. Da zarar Yaya ta buɗe baki da Hausa a gaban na'urar nan, ke za a ƙwala wa kira ko kina wane lungu.

Abu na biyu, na yi ƙoƙarin in ɗauke miki wannan kayan, ban kuma san ko na ɗauke ba. Jiya bayan azahar na shiga metro, na ƙarasa da ƙaramar bas ɗin da suke kira mikrobas zuwa unguwar Darrasa, masaukin da Yaya take sauka duk zuwanta sayen kaya. Na same ta a tsakiyar ɗaki an baje abayoyi da kwalaben humra, ƙawarta 'yar Damagaram na ɗaure ƙunshi. Tana ganina ta ce wa ƙawar ga ɗan jarida ya zo ɗaukar rahoto, a gyara zama. Ta ce na rame, ta ce Mamanku ta daina ba ni abinci ne ko karatun ne ya cinye ni. Sai da na sha shayi na ci dabino kafin ta bar ni na yi magana.

Na bi ta hanyar da na iya. Na yi mata bayanin wuta a jirgi, na ce ba kamar gida ba ne da za a fito tsakar gida a tsaya. Ta ce ruwa ne fa kewaye da su, in wuta ta tashi a ɗebo mana. Na ce ko kaskon lantarki an hana, ta ce da ma ita ba ta yarda da shi ba, ƙona turare yake yi ba ya fitar da ƙamshi. Na ce ta tafi da humra da turaren fesawa, waɗannan ba mai hana ta. Ta dubi ƙawarta ta ce ji Auta yana koya mata sana'arta. Na ce ba ƙwace mata za a yi ba, ajiyewa za a yi a ba ta in an dawo. Ta ce ita ba ajiyar take ji ba, hannun da zai shiga jakarta take ji. Daga nan ta jawo abin da na san za ta jawo. Ta ba ƙawarta labarin hula tun daga Luksor, da muryata da yadda na taka kujera, matar nan na dariya har da riƙe ciki tana cewa ma'alish, ma'alish, wai ba komai. Da ta gama ta juyo ta ce mini to me ya faru a lokacin, wa ya mutu?

Ummi, Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta. Da kuɗin turarenta na yi makaranta. Na haura sittin ban taɓa ce mata a'a ba, sai dai in yi shiru in zagaya. Na ajiye kofin shayin na ce, "Yaya, abin da na yi a jirgin nan kuskure ne, kuma da Ummi a ƙarƙashinsa. Zan gaya mata ta buɗe jakarki kamar ta kowa. Na zo ne in faɗa miki da bakina, kada ki ji a bakin ƙofa."

Ƙawarta ta tashi ta ce za ta duba wani abu a waje. Yaya ta ci gaba da ninke abayar da ke hannunta, ta ninke ta da kyau ta ɗora kan 'yan'uwanta. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni na fara sa yarinyar nan a ruwa. In ta iya sa hannu a jakata a gaban mutane, ta sa mu gani."

Duk hanyar dawowa ina juya maganar nan. Ban san ko barazana ce ba, ko kuwa so take ta ga irin 'yar da muka tayar. Da Yaya abu biyun kan zo a jimla ɗaya. Ta raka ni har bakin matakala, abin da ba ta saba yi ba, amma ba ta ce in gaishe ki ba, abin da ba ta taɓa mantawa ba. Don haka ba zan yi miki ƙarya in ce khalas an gama ba. Ban san abin da zai kasance cikin jakar nan ranar Asabar ba. Tana iya barin kaskon a Darrasa ta zo tana kallon ki ta ga ko za ki duba. Tana iya zuwa da shi a naɗe cikin zani a can ƙasa.

Ko wanne ne, abin yi ɗaya ne. In na'ura ta nuna, ko aka kira ki, ki je da kanki, kada ki ɓuya bayan wani. Ki gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, ki tambayi gajiyar hanya, ki tambayi ƙafarta da ke damun ta. Ki roƙi a ba ku teburin gefe, ki tsaya ta yadda jikinki zai kare ta daga idon layi. Ki gaya mata da Hausa, duka, ba ragi: kasko da gawayi ba za su shiga ba, za a ajiye da sunanta, za ta karɓa ranar sauka, kuma in aka sami wuta a ɗakinta ana iya sauke ta a ƙasar da ba ta san kowa ba. Kada ki ce dokar Turawa ce ba yadda za ki yi. Kada ki ce Baba ne ya sa ki. In kika jingina da wani, za ta nemi ki kauce mata tunda ba ra'ayinki ba ne. Ki bar ta ta ga cewa ke kika yarda da abin.

Tana iya yi miki shiru har a dawo. Tana iya kiran Kano tun jirgi bai ɗaga ba, a fara cewa Masar ta cinye 'yar Auta. Wayar nan tawa za ta yi ta ƙara, ni zan amsa, wannan rabona ne, kada ki sa shi a ranki. Ke dai kullum in kin tashi daga aiki ki je ki ƙwanƙwasa ƙofarta ki gaishe ta, ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Ranar atisayen ceto ki tabbata ta fito ta san wurin taruwarta, don na san ta, za ta ce ƙafa. A cikin dubban mutanen da ke jirgin nan ita ce taki, kuma tsaron da aka ɗauke ki ki yi ya haɗa da ita.

Mamanku na gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi in za ki tsaya a waje, kuma ki tambayi masu tuƙi alƙibla kullum tunda jirgi juyawa yake. Ni kuma ina jiran amsar tambayata ta mai tsaron ƙofa, da duk wani abin mamaki da kika gani, kada ki ce ƙarami ne.

Allah ya sa ki shiga lafiya ki fito lafiya, ke da duk wanda ke cikin jirgin, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah ya kwantar muku da teku, ya tsare ku daga wuta da sharrin mutum, ya sanyaya zuciyar Gwaggonki a kanki. Allah ya ba hannunki ƙarfi ranar Asabar, ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki.